Raguna uku sun mutu, Yaya bai sani ba

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 24, ina zaune da mahaifina a gidan haya a Aboabo, nan Kumasi. Na gama sakandare, aiki bai samu ba. Yayana da ke Italiya ya turo mini sidi 25,000, ya ce in sayi raguna in yi kiwo zuwa Babbar Sallah, mu raba riba. Na sayi 6, na kafa musu ɗan garke a bayan gida, suna ci suna ƙiba. Bayan wata 2 sai na ga wasu dogaye guda 2 da aka sauko da su daga arewa, kuɗinsu da sauƙi, na saya na zuba su cikin sauran. Ba a yi kwana 10 ba sai ga majina da hawaye, bakinsu ya yi miki, ga zawo mai wari. Uku sun mutu, biyu na kwance, uku ne kawai ke tsaye suna ci. Na ce a kira likitan dabbobi, Baba ya ce shi tun yana yaro a Bawku yake kiwo, babu ɗan bokon da zai koya masa. Kafso yake fasa musu a ruwa, da jiƙon maɗaci da kanwa. Yanzu cewa yake a yanka biyun da ke kwance a ba mahauta, ukun kuma a kai kasuwa tun ba su kwanta ba. Ga wata Mma da ke dafa waakye, wato shinkafa da wake, a tsakar gidan, ta ce wari da ƙudaje sun kore mata masu saye, za ta kai ni wurin 'yan tankas, wato ma'aikatan duba-gari. Yaya kuwa bai san komai ba. Duk lokacin da ya tambaya a WhatsApp, tsohon hoto nake tura masa. Saura wata 2 da 'yan kwanaki Sallah, ko barci ba na iya yi. Ina mafita?

Daga wani matashi a Aboabo

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya mayar maka da alheri, ya tsayar da asarar iya nan. Wanda bai taɓa kiwo ba zai ce ai dabba ce kawai. Amma wanda ya saba tashi da asuba ya ɗebo ciyawa, har ya san ragon da ke fara yi masa kuka da ya ji takunsa, shi ya san abin da ake ji ranar da aka iske wannan ragon a miƙe. Balle kuma ga kuɗin wani a wuyanka. Rashin barcin naka bai ba ni mamaki ba, kuma ban ɗauke ka maci amana ba, domin maci amana ba ya zama ya rubuta irin wannan wasiƙa.

Mu fara da garken, shi ne ba ya jira. Majina, hawaye, miki a baki da dasashi, zawo, kuma duka cikin 'yan kwanaki da shigowar baƙin raguna: wannan ya yi kama sosai da annobar tumaki da awaki da likitoci ke kira PPR. Likita ne zai duba ya tabbatar, amma ka ɗauka ita ce, ka yi aiki a kan haka tun daga yau. Ƙwayar bairos ce ke haddasa ta. Tana bin majina da yawu da hawaye da kashi, tana bin numfashi idan dabbobi sun matsu wuri guda, tana bin kwanon ruwa da na dusa da suke tarayya. Takan yi kwana 4 zuwa 6 a jikin dabba kafin ta nuna kanta, wani lokaci har mako 3. Abin da ya sa ke nan ragunan nan biyu suka cika maka ido ranar da ka saye su. Ragon da aka loda a mota tun daga Burkina Faso ko Nijar, ya shigo ta Paga ko ta Bawku, ya kwana a hanya a cunkushe da wasu da ba a san garken da suka fito ba, ga yunwa ga ƙishi, yana iya sauka a Kumasi da ƙafafunsa garau alhali cutar na cikinsa.

Kafin rana ta faɗi, ka raba masu tsaye da masu kwance. Ba tazarar igiya ɗaya nake nufi ba. Ka kai ukun wani lungu mai tsafta inda ba za su shaƙi numfashin sauran ba, kowane ɓangare da kwanonsa. Kullum ka fara yi wa masu lafiya hidima, sannan ka je wurin marasa lafiya, idan ka fito ka wanke hannu da sabulu, ka tsoma takalmanka cikin ruwan bilic. Kada dabba ta shigo, kada dabba ta fita. Ka san yadda awakin Zango suke, babu gidan da ba sa leƙawa, kuma cutar nan ta fi yi wa awaki mummunan kamu fiye da tumaki. Saboda haka ka zagaya ka gaya wa maƙwabta masu awaki su ɗaure nasu. Akwai ɗan nauyin baki a faɗin hakan, na sani, amma bai kai nauyin ranar da akuyar wata tsohuwa za ta mutu a ce daga garkenka abin ya fito ba.

Gobe da sassafe ka nufi ofishin likitocin dabbobi na gwamnati da ke Amakom, ba shi da nisa da ku, ko asibitin dabbobi na jami'ar KNUST. Kada ka loda marasa lafiyan a aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ka ratsa gari da su. Ka ɗauki hoton bakinsu da idanunsu da zawon a waya, ka nuna, ka roƙi a turo wanda zai zo ya gani. PPR na cikin cututtukan da ake buƙatar a kai rahotonsu ga hukumar lafiyar dabbobi, don haka ba alfarma kaɗai ka je nema ba, wajibinka ka je saukewa. Ka faɗa wa likitan duk abin da aka ba su, kafso nawa, kwana nawa, har maɗacin da kanwar, kada kunya ta sa ka rage komai.

Kada kuma ka tafi da tsammanin allurar da za ta tashe su nan take. Babu maganin da ke kashe wannan bairos ɗin. Abin da likita zai yi shi ne ya tare ciwon huhun da ke biyo baya, wanda sau da yawa shi ke ƙarasa dabbar, da magani daidai nauyinta, ya kuma nuna maka yadda za ka mayar musu da ruwan da zawo ke zuƙewa. Sauran aikin jinya ce, kuma taka ce: goge majina da kwantsar ido da tsumma mai tsafta, wanke mikin baki a hankali, ba su abinci mai laushi kamar ɗanyen ganye da damammiyar dusa, ajiye su wuri busasshe da iska mai sanyi ba ta bugawa. Ragon da ya tsallake ta ba ya sake kamuwa har ƙarshen rayuwarsa. Rigakafinta kuwa na nan, mai kyau ne, allura ɗaya na kare dabba aƙalla shekara 3. Irin wannan rigakafin ne ya kawo ƙarshen 'yar uwarta, bushiyar shanu, wadda aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011, kuma ita ma PPR an sa mata wa'adin 2030 a taron da aka yi a Abidjan a 2015. Ko za a yi wa ukun naka yanzu ko a jira, likita ne zai yanke, tunda mai yiwuwa sun riga sun ɗauka.

Ba ka faɗi inda kuka kai gawar ukun da suka mutu ba. In kwata ce ko kogin Aboabo, kada a sake. A haƙa rami mai zurfi da kare ba zai tona ba, a zuba farar ƙasa, a rufe. Ga kuma wata ƙa'ida da nake so ka riƙe muddin kana kiwo: duk dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta dubura, kada a feɗe ta, kada a ci. Wannan alamar ciwon saifa ce, shi kuwa yana kama mutum yana kashewa. Shi ne ya ɓarke a yankin Upper East na arewacin Ghana a 2023, ana dab da Babbar Sallah, har aka hana zirga-zirga da yanka dabbobi a yankin na wani lokaci. Abin da ka kwatanta ba shi ba ne, kuma PPR ba ta kama mutane, wannan ma abin faɗa wa mutanen gida ne don hankalinsu ya kwanta.

Yanzu maganar Baba. Shawararsa ta a yanka biyu a sayar da uku, ba zan ɓoye maka ba, kada ka yarda da ita. Ukun da ke tsaye sun kwana sun tashi da masu cutar. Idan ka kai su kasuwa, abin da aka yi maka ne za ka yi wa wani, sai dai shi wanda ya sayar maka mai yiwuwa bai sani ba, kai kuwa ka sani. Ɓoye aibin kaya algus ne, kuma ka san abin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya faɗa a kan mai yi wa al'umma algus. Shi kansa mai sayen don layya yake saye, dabbar da rashin lafiyarta ya bayyana kuwa ba ta isa layya. Biyun da ke kwance, namansu na zazzaɓi ne, ga magani a jikinsu da ba a san yawansa ba. Dalilin da ya sa ake da masu duba nama a mahautar Kaase ke nan, yankan bayan gida kuwa tsallake su ne. Naman zai ƙare ne a tukunyar wata mai tuwo, yaran unguwarku su ci.

Amma kada ka kalli Baba a matsayin wanda ba ya tsoron Allah. Tsoho ne yana kallon dukiyar ɗansa ɗaya na zubewa a hannun ɗayan, yana neman ya tsamo abin da ya rage. Akwai kuma abin da ba zai taɓa furtawa ba: shi ya ce a bar masa maganin, raguna uku suka mutu a kan idonsa. Idan wani yaro mai farar riga ya shigo gidan ya ce ga abin da ya kamata a yi tun farko, gaban mutanen gida, ina zai sa fuskarsa? Taurin kan da kake gani, rabinsa kunya ce. Kuma sanin nasa ba ƙarya ba ne. Mutumin da ya tashi cikin kiwo a Bawku zai buɗe bakin rago ya faɗa maka shekarunsa daga haƙoransa, zai shafa bayansa ya san ko kitse ne ko kumburin ciki, abin da kai sai ka shekara goma ba ka iya ba. Maɗaci ma makiyaya sun daɗe suna amfani da shi don tsutsar ciki. Sai dai Bawku fili ne, damina ɗaya, rani mai tsawo, rana na gasa ƙasa, dabbobi na watsuwa a daji. Kumasi damina biyu gare ta, ga laima, ga garke a matse tsakanin bango da bango. Kafson mutane da ake fasawa a ruwa kuwa, ba ya taɓa bairos, babu wanda ya san nawa kowane rago ya sha, wanda ya fi jin jiki ma shi ne ba ya kusantar ruwan, ƙarshenta sai ƙwayoyin cuta su saba da maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki.

Kada ka je masa da wannan bayanin kamar mai ba da darasi. Ka same shi shi kaɗai, bayan sallar isha'i ko bayan asuba, ka zauna ƙasa, ka fara da yi masa sannu da wahalar da yake sha a kan dabbobin nan. Sannan ka ce masa wani abu kamar haka: «Baba, kuɗin nan amanar Yaya ne a hannuna. Idan ya tambaye ni wa ya duba su, ina so in sami abin faɗa. Zan kira likita gobe, amma ni ban san yadda zan yi masa bayani ba, kai ka ga yadda ciwon ya fara, kai za ka tsaya a kansa.» Ka bar masa girman karɓar baƙon, kai ka riƙe igiya. Ka kuma ja likitan gefe tun a hanya, ka roƙe shi ya yi wa tsohon magana da mutunci. In kana ganin bakinka ba zai isa ba, kowane tsoho na da abokin da yake jin maganarsa, limamin masallacinku ko wani dattijo cikin 'yan kasuwar dabbobi da ya taɓa ganin annobar nan ta share garke. Ka je ka roƙe shi ya biyo ta gidan kamar ziyara. Idan duk da haka Baba ya kafe, ka kira likitan. Kai aka damƙa wa dukiyar, kuma biyayyar iyaye ba ta kai ga a bar dukiyar wani ta halaka ko a cuci mai saye ba. Amma ka sanar da shi kafin likitan ya iso, kada ya fito ya tarar da baƙo a garke.

Na zo kan abin da nake jin shi ne ainihin mai hana ka barci. Mutuwar raguna ƙaddara ce da ke samun kowane mai kiwo. Tsohon hoton da kake turawa kuwa zaɓinka ne, kuma duk ranar da ka ƙara tura wani, ka ƙara wa kanka bashi. Ka tuna yadda kuɗin nan ya taru. Yayanka cikin sanyi yake fita aiki, yana danne bukatunsa, yana tara yuro ɗaya bayan ɗaya, kuma da ya tashi neman wanda zai riƙe masa, kai ya zaɓa, watakila ma ba don ribar ba, don kada ka zauna haka nan. 'Yan ci-rani da yawa sun ji labarin wanda ya yi ta turo kuɗin gini, ana tura masa hoton gidan wani, wannan ne tsoron da kowannensu ke kwana da shi. Idan ya ji labarin raguna daga bakinka, zai yi baƙin cikin asara. Idan ya ji daga bakin wani, cikin masu tura hoton gidan wani zai jefa ka. Zai kuma ji, domin a Zango babu gidan da ba shi da wani a Turai, Mma tana da 'ya'ya, abokansa na wucewa ta ƙofar gidanku. Ko babu wanda ya faɗa masa, Sallah na tafe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka kira shi yau ko gobe, da dare bayan ya tashi aiki. Kiran bidiyo, kana tsaye a bakin garken, ba saƙon rubutu ba. Kada ka yi doguwar shimfiɗa, da an gaisa ka ce, «Yaya, akwai maganar da na ɓoye maka.» Ka faɗi lissafin kai tsaye, uku sun mutu, biyu na kwance, uku na tsaye. Ka faɗi cewa kai ka sayo biyun ka haɗa su ba tare da ka keɓe su ba. Ka faɗi maganar hotunan da bakinka, tun bai tambaya ba, ka nemi gafara a kanta ita kaɗai. Kada ka kawo sunan Baba a matsayin mai laifi, ko da gaskiya ne ya hana a kira likita, domin haɗa ɗa da uba faɗa daga nesa wata ɓarna ce da ta fi ta raguna. In ya tambaya, ka ce an yi maganin gida, bai yi ba. Kafin ka kira, ka rubuta a takarda nawa ka sayi kowane rago, nawa ya tafi a abinci da katako da kwano, nawa ya rage, ka tura masa hotonta. Sannan ka gaya masa abin da ka riga ka fara yi. Daga nan ka yi shiru. In ya yi faɗa, ka bar shi ya yi, haƙƙinsa ne. In ya kashe waya, kada ka bi shi da kira ashirin, ka ba shi kwana biyu, ka tura masa bidiyon likita na duba dabbobin.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka: kada kunya ta sa ka yi alkawarin biyan sidi 25,000 a cikin wannan kiran, alhali ba ka da aikin da za ka biya da shi. Irin yarjejeniyarku, ɗaya ya kawo jari ɗaya ya kawo ƙarfi a raba riba, malaman fiƙihu sun san ta da sunan ƙiradi. A cikinta idan asara ta zo ba da sakacin mai aiki ba, mai jari ne ke ɗaukar asarar kuɗi, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Inda aka yi sakaci ne lamuni ke hawa kan mai aiki. Haɗa sabbin raguna da tsofaffi abu ne da akasarin masu kiwon unguwa ke yi don rashin sani. Jinkirin kiran likita da ɓoye labari su ne inda kake da rauni. Idan magana ta yi tsami tsakaninku, ku kai ta gaban malamin da ku duka kuka yarda da shi. A ganina dai, abin da ya dace ka miƙa masa da kanka shi ne ka yafe rabonka na wannan zagayen, duk abin da aka samu ranar Sallah ya koma cike gurbin jarinsa.

Mma mai waakye kuwa tana da gaskiya, kuma ba ƙarama ba. Kai riba kake nema, ita da tukunyar nan take ciyar da gida, kuma babu mai tsayawa sayen abinci inda ƙudaje ke tashi daga zawon dabba. Ka je ka gaishe ta, ka ba ta haƙuri, ka faɗa mata gaskiyar abin da ya sami ragunan da kuma cewa likita na zuwa. Ka sa mata lokaci, ka ce ta ba ka mako 2 ta ga canji. Ka riƙa share garken tun kafin ta hura wuta, ka zuba toka ko garin katako ya tsotse danshi. Kashin yanzu na masu cuta ne, a binne shi, kada a ba kowa. Idan annobar ta wuce, ka riƙa ɗura shi a buhu, masu lambun latas da albasa na wajen Gyinyase na amfani da taki. Aboabo ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong take, kuma 'yan tankas na da hurumin shiga gida su duba tsafta su rubuta sammaci, don haka barazanarta ba fanko ba ce. Ka sami mai gidan ma kafin ita ta same shi. Idan kun shirya, kamar yadda nake sa rai, wata rana za ta miƙo maka ragowar shinkafa da wake ta ce ka ba raguna. Ka yi godiya, amma kada ka juye musu, domin dafaffen hatsi mai yawa a lokaci guda na tsamar da tumbin rago, ya kumbura ya mutu a dare ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga wata biyun da suka rage. Za ka ji kwaɗayin ka ɗura wa waɗanda suka tsira dusa don su rama abin da aka rasa. Ka bi a hankali. Tumbin rago da ciyawa yake aiki, harawar wake ko ta gyaɗa da ciyawa su ne tushe, dusa ƙari ce, kuma duk sabon abinci a shigo da shi kaɗan-kaɗan cikin kwana 7 zuwa 10. Harawa na tsada a Kumasi tunda daga arewa ake kawo ta, amma garin nan na da ɓawon rogo da na doya da na filanten a kowane lungu. Na rogo sai an shanya shi ya bushe sarai, ɗanyensa na da guba. Dusa zalla ba ruwa isasshe kuwa ita ke kawo wa ragunan turke tsakuwa a mafitsara. Da ka ga rago na yunƙurin fitsari ba ya fita sai ɗigo, yana kuka yana harbin cikinsa, likita nan take, ba gobe ba. Ka ajiye musu ruwa mai tsafta dare da rana da gishirin lasa. Kada ka ba su abincin kaji na kamfani, tumaki ba sa jure yawan sinadarin tagulla da ke cikin irin wannan abincin. Ka tsince duk wata leda a kusa da su, musamman ta ruwan sha, don in ta shiga tumbi ba ta narkewa, rago ya yi ta ramewa ana ta neman dalili. Ka tambayi likita maganin tsutsa da yankan kofato, ka kuma tambaye shi ranar ƙarshe da za a iya ba su kowane magani, domin wasu allurai sai an yi kusan wata guda kafin naman ya dace da ci. A ƙirgo daga ranar Sallah a dawo baya.

Idan ukun suka tsaya, ko Allah ya tashi biyun ma, ci gaba da kiwonsu zuwa Sallah shi ne zai fi mayar da wani kaso na jarin. In zaman gidan ya gagara, da zarar likita ya ce garken ya wanke, kana iya mayar da su wurin wani ɗan uwa mai fili a bakin gari, wajen Parkoso ko Kenyasi, da sharaɗin wani zai riƙa kwana kusa da su, don ɓarayin raguna ma lissafin Sallah suke yi. In kuma ka duba zuciyarka ka ga kiwon ya fita daga ranka, wannan ba abin kunya ba ne. Ka jira a yi mako 3 cur babu wanda ya sake kwanciya, ka sayar kana faɗa wa mai saye abin da suka tsallake, ka mayar wa Yaya kuɗinsa da lissafi.

Idan Yaya ya yarda a sake zagaye na biyu, ku rubuta yarjejeniyar, har da wanda zai ɗauki asara da kuɗin likita a cikin jari. Ka rage yawansu zuwa abin da bayan gidan zai ɗauka, kowane rago ya sami wajen murabba'in mita ɗaya da rabi, ka ɗaga daɓen garken da katako mai 'yan ramuka yadda kashi da fitsari za su zube ƙasa, ƙafafunsu su huta da laima. Dogayen ragunan Sahel su ne ke jan ido ranar idi, amma gajerun nan na kurmi, ko ruwa-biyunsu, sun fi jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, da tsutsa da damshin Kumasi, ga su da sauƙin ci. Duk wanda ka sayo, ko daga garken aminin Baba ne, ya yi kwana 21 shi kaɗai a wani turke, a yi masa rigakafi da maganin tsutsa, kafin ya haɗa kwano da sauran. Ranar zaɓe a kasuwa kuma ka tafi da Baba, shi ya buɗe musu baki.